Allura a Jikin Kukar Gabas

Kukar gabas ta faɗi a daminar da ta wuce. Ba gatari ya kayar da ita ba, tsufa ne da iskar hadari. Ta kwanta a kan hanyar da 'yan kabu-kabu ke bi zuwa kasuwar Dungas, sai da samari suka yi kwana uku suna sara kafin hanya ta buɗe. Babu wanda ya zo ya yi mini jaje, don babu wanda ya san akwai abin da ya haɗa ni da ita. Sai ga shi kuma a 'yan kwanakin nan rediyo ta ce an harbe wani shugaban ƙasa. Jikokina suka bar abin da suke yi suka tare a ƙofar gida, wannan ya ce sojojinsa ne, wancan ya ce Turawa ne suka biya a yi, wani ya ce ai na jikinsa ne suka sayar da shi. Kowa jijiyar wuya a miƙe, kai ka ce da su aka yi shawarar. Ina zaune a kan tabarmata ina jin su. Na taɓa jin wannan gardama a ƙofar wannan gida, tun ana kirana amarya, kuma a wancan karo na ɗauka ni ce na yi kisan.

A wancan zamani labari ƙafa gare shi, ba fukafukai ba. Abin da ya faru a Damagaram sai ya yi kwanaki yana tafe a bayan jaki kafin ya iso mu, kuma kafin ya iso kowane zango ya ƙara masa gishiri. Ƙarar da muka sani ta gida ce. Da asuba luguden mata ke ta da gari, turmi yana amsa wa turmi daga wannan shiyya zuwa waccan, har kina iya gane wadda ta kwana da fushi daga saukar taɓaryarta. In rana ta ɗaga sai kukan igiyar guga a bakin rijiya, da shanu suna tururuwa a kwamin sha, da bugun maƙeri yana gyaran kwasa don damina. Yaran yanzu da ke kai hatsi inji su dawo da gari kafin ruwa ya tafasa ba za su gane yadda yini ke ƙarewa tsakanin surfe da dutsen niƙa ba. Kayan duniya kuwa kaɗan ne a hannunmu, shi ya sa kowane da darajarsa. Allura guda mace kan riƙe ta shekaru. Tawa uwata ce ta ba ni ranar da za a kai ni, ta soke ta cikin guntun kara, ta ce mace mara allura tsiraicin gidanta a waje yake. Yanzu allura a takarda ake sayar da ita jere, yara su zubar a ƙasa ko waiwaye ba sa yi.

Gidan da aka kawo ni gandu ne babba, noma da 'yan shanu. Maigidan shi ne uban mijina, ina kiransa Baba, ko da yake kiran ma a zuci nake yinsa, don a al'adarmu matar ɗa ba ta haɗa ido da surukinta, balle ta tsaya magana da shi. In na hango shi a hanya sai in ratse in durƙusa har ya wuce. In zan kai masa tuwo zaure sai in ajiye a bakin ƙofa in juya. Mutum ne dogo mai ƙarancin magana, in an dawo daga gona sai ya zauna a inuwar zaure da basillarsa, babbar allurar nan ta ɗinkin taiki, yana faci. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban yana da 'ya'ya biyar, ƙaramin shi ne mijina, wanda har yau da ya daɗe a ƙasa bakina bai iya kiran sunansa ba. Ban cika shekara a gidan ba na samu ciki. Cikin fari kuwa ba a faɗarsa. Kunya ce, a ɓoye ake riƙonsa har sai ya tona kansa. Ko shi mai cikin ban gaya masa ba, ina dai ɗaura zane sama-sama ina haɗiye yawu.

Cikin bazara, ana sharar gona, gardi biyu, dogaran Nasara, suka sauka a gidan mai gari, da jajayen huluna da bulala. Aikin tilas suka zo ɗiba, na hanyar mota da Nasara ke yi wajen arewa. Ina bakin rijiya aka yi abin. Da na dawo da tulu a kai sai na tarar da uwar mijina zaune dirshan a tsakar gida, na leƙa ɗaki na ga babu buzun mijina babu gorarsa. Ko sallama ba mu yi ba. Kowa ya san aikin nan. Wasu kan dawo da gyambo a kafaɗa, wasu kan dawo da tarin da ba ya warkewa, wasu kuwa sai dai a kawo wa uwarsu gora da takalmi. Da na samu bakin magana na tambayi uwar mijina wa ya ce a tafi da shi. Ta ce mai gari ba shi da laifi, sarki ne ya aiko masa. Sarki ma kumandan ne ya sa shi. Kumandan kuma yana da na gabansa, shi ma wancan yana da na gabansa, har a kai ga babbansu duka da ke zaune can Faransa, bayan ruwan gishiri. Ta faɗi wannan tana duban ƙasa, ni kuma na ɗauke shi yadda ta ba ni.

To, akwai abin da mutanen garinmu kan yi in an zalunce su kuma babu inda za su kai ƙara. Liman ya hana, ya ce shirka ce, amma kowace yarinya ta san shi tun kafin ta iya tuƙa tuwo. Za ki ɗauki allurarki ki tafi kukar gabas ke kaɗai da rana tsaka, lokacin da inuwar mutum ke ƙarƙashin ƙafarsa, lokacin da ko makiyayi ba ya yarda ya raɓi kuka. Kina sauran taku bakwai ki rufe ido, ki laluba har hannunki ya taɓa jikinta, ki faɗi abin da aka yi miki da wanda ya yi, ki soka allurar har kunnenta, ki juya ba waiwaye, kuma ba ki gaya wa kowa. Kwana uku da tafiyarsa na yi. Ban san sunan babban Nasara ba, wa zai gaya mini? Sai na ce, wanda ya sa aka tafi da mijina, ko wane ne shi, Allah ya isa tsakanina da shi, kada ya ci sabon gero. Na soka, na dawo da gudu, ƙafata tana ƙuna a yashi. Gaskiya na ji sanyi a raina a yinin nan. Yarinta ce, na ɗauka na ajiye kaya ne, ashe ɗauka na yi.

Ba a yi sati biyu ba labarin ya zo. Ranar kasuwa ce, na kai man gyaɗa. Sai ga ɗan saƙon mai gari yana ratsa rumfuna yana shela, wai an harbe Sarkin Faransa da bindiga ya mutu, wai kumandan ya ce ba kiɗa ba guɗa har kwana bakwai, wanda aka ji ganga a gidansa ya kuka da kansa. Kasuwa ta ɓarke da surutu. Ni ludayin awo ne ya suɓuce daga hannuna cikin tukunya. Wadda ke kusa da ni ta ce lafiya, na ce rana ce ta buge ni. Na ɗauki tukunyata ban sayar da ko rabi ba, ina tafe ina lissafin kwanaki a yatsuna, ina sake lissafawa, ko za su ƙi haɗuwa. Bai ci sabon gero ba. Ko shuka ba a yi ba.

Tun daga ranar zauren Baba ya zama majalisa. Turminmu yana bayan darni ne daf da zauren, don haka duk abin da aka faɗa a kunnena yake sauka. Akwai wani tsohon soja a garin, wanda aka kai shi babban yaƙin Turawa ya dawo da ɗingishi da 'yan kalmomin Faransanci da yake zagin awaki da su. Shi ya fara gyara musu zance, ya ce mutumin nan ba sarki ba ne, zaɓensa ake yi, in shekarunsa sun cika ya sauka ya koma gidansa kamar kowa. Dattijai suka yi dariya, suka ce wane irin sarki ne zai sauka da ƙafarsa. Ya ce shi dai ya san abin da ya gani, kuma kisan nan Jamus ne, don an kayar da su ba su huce ba, ya ga idonsu da idonsa. Sai ɗan koli, mai kai gyaɗa ƙasar Ingilishi da ke kudu da mu ya dawo da goro da allurai, ya ce sam. In mutum zai sauka da kansa, me zai sa baƙo ya ɓata harsashi? Da ɗan gari akan ci gari. A duba wazirinsa, a duba wanda zai hau bayansa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani ya ce Ingilishi ne, suna so su haɗe ƙasarmu da tasu don gyaɗa. Wani ya ce mutanen Santambul ne suka rama abin da aka yi wa Musulmi. Liman ya ce ajali ne, kowa ya kama bakinsa, baki shi ke yanka wuya. Aka ce gaskiya ne malam, aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Abin da ya ba ni mamaki Baba ne. Mutumin da kan yini bai yi magana goma ba, sai ga shi ya fi kowa ɗaga murya. Ya kama zancen Jamus ya riƙe gam. Duk wanda ya matso da zargi kusa, sai Baba ya mai da shi can bayan teku. Jamus ne, ya ce, tsakaninsu ne, Nasara ya kashe Nasara, mu ina ruwanmu. Har tsohon sojan da ya kawo zancen sai da ya gaji ya bar masa. Ni a lokacin daɗi nake ji, duk sanda ya ce Jamus sai in ce amin a zuciyata. Ban lura ba sai daga baya cewa a duk kwanakin nan hannunsa wofi yake, taiki yana rataye da ɓaraka ba a yi masa faci ba.

A kwana na huɗu ɗan koli ya dawo daga Magarya da sabon zance. Ya ce ya ji daga bakin wanda ya ji daga tafinta, an kama wanda ya yi harbin, baƙo ne daga wata ƙasa mai sanyi, kuma wai taɓaɓɓe ne. Sai ya rage murya, amma darni ba ya tare magana. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Mutum da hankalinsa ya wayi gari ya haukace, ya nufi babban mutum kai tsaye bai taɓa kowa a hanya ba? Wannan turo shi aka yi. Jifa ne. Kuma Nasara ba wawaye ba ne, sun san ƙasashen da aka iya wannan aiki, suna da wayar ƙarfe da ke gaya musu abin da ke ɓoye. Garin da aka gano daga can jifan ya fito, mazansa da ke wurin aikin hanya ba za su dawo ba. Taɓarya ta kufce mini ta bugi gefen turmi, gero ya watse, kaji suka taru. Sa'an nan na ji muryar Baba yana cewa wannan zancen banza ne, Jamus ne.

Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Tuwo ya ƙi wucewa, in na ji kofaton doki ko yaro ya shigo da gudu sai in miƙe tsaye. Ba kaina nake ji wa tsoro ba. Shi nake hangowa, an fitar da shi daga layi an ce kai ne mijin wance, ba tare da ya san laifin da ya yi ba, ba tare da ya san yana da ɗa a ciki ba. Na je in cece shi, na ɗaura masa igiya a wuya da hannuna. Ana cikin haka uwar mijina ta ce in ara mata allurata, zanenta ya yage. Na ce na ajiye ta na manta wurin. Ta dube ni, ta aike ni maƙwabta. Na shiga gida huɗu, kowace ta ce tata ta ɓata, ko ta karye, ko an ara ba a dawo da ita ba, kuma babu wadda ta dube ni a ido da tana faɗa. Ni da hankalina ba ya jikina, ban ɗauki komai daga wannan ba. Na dawo na ce ba a samu ba, tsohuwa ta ƙulle yagewar da hannu ta ɗaura.

Ranar da kwana bakwai suka cika aka kira masu gari da dattijai Magarya gaisuwar mutuwa, Baba yana cikinsu. Suka tafi da kaji da ƙwai, suka tsaya a rana gaban tutar da aka sauko da ita rabin sanda. Da suka dawo, abin da suka kawo bai kwantar da hankalin kowa ba. Wai tuni an naɗa wani, abin da ya sa ɗan koli ya riƙa shafa gemu yana cewa me na gaya muku. Wai kuma mai harbin yana hannu, ana nan ana tambayarsa wa ya aiko shi. Na ce a raina, duk mai taurin kai in ya sha bulala zai faɗa. Gara in je in zare abata tun bai faɗa ba, ko Allah ya sa in an zare ta sawun ya ɓace.

Washegari da rana tsaka na ɗauki ƙwarya kamar mai zuwa ɗiban kuka, na nufi gabas. Wannan karon dole in buɗe ido, tunda nema na zo yi. Na tsaya gaban kukar na duba daidai tsayin kafaɗata. Ba allura ɗaya ba ce. Kunnuwansu ne birjik a jikin itacen, wasu sama wasu ƙasa, wasu sun yi tsatsa tun zamanin kakanni, da yawa kuwa sababbi ne suna ƙyalli a rana. Can sama da su duka, daidai inda hannun dogon mutum zai kai, ga wata ƙatuwa da ba a iya soka ta duka ba, rabinta a waje. Basilla ce. Ko cikin dubu na san ta, da lanƙwasar da ke wajen kunnenta. Ina tsaye ina kallonta na ji takun mutum a bayana. Na juya, Baba ne, da hantsakinsa na cire ƙaya a hannu. Babu inda zan ratse. Na durƙusa na sunkuyar da kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi mini magana kai tsaye.

"Wacce ce taki, 'yata?"

"Ban sani ba, Baba. Idona a rufe yake."

"Me kika ce da kika soka ta?"

Na gaya masa, kalma bayan kalma, ina kuka. Na ce ni na kashe Sarkin Faransa, kuma yanzu za a kashe ɗansa saboda ni, ya yi mini duk hukuncin da ya ga dama. Na ji ya ja dogon numfashi, ya jingina da kukar, sa'an nan ya zame ya zauna a ƙasa, shi da ba ya zama sai a kan buzu.

"Share hawayenki, ba ke kika kashe shi ba. Mutumin nan bai san ɗana ba, bai san garin nan ba. Cewa aka yi kowane gida ya ba da namiji ɗaya, maigida ya zaɓa. Ni na zaɓa. Na duba wansa da 'ya'ya biyar, na duba shi ba shi da ko ɗaya. Ni na kama hannunsa na miƙa wa gardi."

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan cikina ba. Ya gani. Ya dubi hannun, ya dubi yadda na ɗaura zane, ya kau da kai.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Ina zai sani, tunda ban faɗa ba? Ina durƙushe yana zaune, kurciya tana kuka a saman kukar. Dutsen da ke kan ƙirjina kwana da kwanaki ya sauka, wani ya hau a madadinsa. In ba Faransa allurata ta tafi ba, to ga inda ta nufa, zaune a gabana da furfura. Na ce ya taimake ni mu zare ta. Ya ce tunda ba mu san wacce ba ce sai mu zare su duka. Ya miƙe ya riƙa kama kunnuwansu da hantsaki yana ja, ni ina tara ƙwarya, kowace ta faɗo da 'yar ƙararta. Basillar ya bari ƙarshe, ya zare ta da hannu ya soke a hularsa. Ban tambaye shi sunan da ya kira a kanta ba, har ya koma ga Allah. Ya ce in zaɓi ɗaya a cikin sababbin, sauran ya ƙulle a gefen riga. Kwana biyu bayan haka na ga uwar mijina tana ɗinke zanenta, na ga maƙwabta sun baza tsummoki a inuwa kowa na faci. Babu wadda ta ce ga inda tata ta fito. Gardamar zaure ma ta mutu da kanta, ruwan shuka ya sauka kowa ya kama gabansa. A nan na gane rabin masu rantsuwa da Jamus da Ingilishi kowa da kazarsa a aljihu.

Babu wanda ya zo nemanmu. Mijina ya dawo bayan an yanke gero, ƙashi da fata, da gyambo a kafaɗa, ya tarar da ni na kusa sauka. Da aka tambaye shi labarin kisan, ya ce wata safiya dai an tsayar da su an ce su cire huluna, sa'an nan aka ce su koma ɗaukar dutse, shi ke nan abin da ya sani. Sabon shugaban bai rage ko mutum ɗaya daga ɗiban da ake yi ba. Amma ni bazarar ba ta ƙare mini ba. Ranar da aka yi tuwon sabon gero, na kai wa Baba nasa, na laɓe bayan darni ina leƙe ta kafa har ya cinye ya wanke hannu, sa'an nan na iya numfashi. Haka na yi kowace kaka, shekara tara. In ya yi tari a zaure, a ƙirjina nake jin sa. In zazzaɓi ya kama shi, ni ke dama kunu, ni ke jiƙa saiwa, har mata suna yi mini ba'a wai na fi 'yar cikinsa. Muka koma yadda muke, in ya taho in ratse. Ba mu ƙara ta da zancen kuka ba.

A shekarunsa na ƙarshe idonsa ya tafi. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wani hantsi ya sa aka kira ni, ya ce kowa ya ba mu wuri. Na durƙusa a bakin ƙofa, na tattaro ƙarfin hali na ce ya yafe mini abin da na faɗa a gindin kuka.

"Wannan na yafe tun ranar, tun ba ki tashi daga durƙuson ba. Ke fa, 'yata? Kin yafe mini?"

Na yafe masa tun tuni, Allah shi ne shaida. Amma surukina ne ke neman gafarata, kunya ta ɗaure mini harshe, sai na gyaɗa kai. Na gyaɗa har sau biyu. Na manta ba ya gani. Ya karkato kunne wajena yana jira, kafin in gane kuskurena in buɗe baki sai ga liman da dattijai sun yi sallama, na tashi na ba su wuri kamar yadda aka koya mini. Na ce in sun fita zan koma. Kafin azahar aka fito aka ce ya cika.

Jiya ɗaya daga cikin jikokin nan ya leƙo yana dariya, ya ce kaka, ke da kika ga jiya kika ga yau, wa kike gani ya kashe shugaban nan? Na ce ban sani ba, kuma su ma ba su sani ba, su je su ba dabbobi ruwa. Ya ce tsohuwa ta fara rikicewa, ai sun daɗe suna jin ta bayan salla tana magana ita kaɗai. Gaskiyarsa, ina yi. Allurar tana nan cikin guntun karanta, ta yi tsatsa, ban taɓa ɗinki da ita ba, ban ma tabbata tawa ce ba. Bayan kowace salla kuwa, in na shafa addu'a, nakan juya wajen da zauren yake a da, in ɗaga murya yadda wanda ba ya gani zai ji, in ce na yafe, Baba.